Mas'alar Wasan Faifai a Lambun Jama'a

Ya ku malamai da attajirai masu karatun wannan shafi, yau za mu kai ku ƙasar Amurka, mu duba wata gardama wadda ta daɗe tana tashi a majalisun garuruwansu. A zahiri maganar wasa ce. Amma wanda ya natsu zai ga maganar haƙƙi ce, watau fili na kowa da kowa, wane ne ke da ikon ya mai da wani yanki nasa wurin sha'awar waɗansu kaɗai?

Sai mu fara bayyana wasan tukuna. Kun ji labarin golf, wanda Turawa ke bugun 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. To, daga cikinsa aka tsiro da wani. Maimakon ƙwallo sai faifai na roba, faɗinsa kamar taƙi guda, nauyinsa ba ya wuce giram 200. Maimakon rami kuwa sai kwandon ƙarfe a bisa turke, da sarƙoƙi rataye a samansa domin su tare faifan ya faɗa ciki. Mai wasa ya tsaya a wuri ayyananne ya wurga, ya bi faifansa inda ya faɗi ya sake wurgawa, har ya shiga kwando, sa'an nan ya nufi na gaba. Galibi kwanduna 9 ne ko 18, wanda ya gama da mafi ƙarancin jifa shi ya ci.

Fagen farko da aka kafa bisa ƙa'ida shi ne na lambun Oak Grove a Pasadena, cikin jihar Kalifoniya, a shekarar 1975. Wanda ya kafa shi Ed Headrick ne, tsohon ma'aikacin kamfanin Wham-O mai yin faifan wasa da ake kira Frisbee. Shi ne kuma ya kafa ƙungiyar 'yan wasan a 1976, ya sami takardar mallakar kwando mai sarƙa a 1977. Da ya mutu a 2002, bisa ga wasiyyarsa aka cuɗa tokar gawarsa cikin robar waɗansu fayafayai. Abin mamaki ba ya ƙarewa a duniya! Abin lura dai shi ne, tun ran farko a lambun shan iska na jama'a aka haifi wasan nan, can kuma ya girma. Yau fagagensa sun haura dubu goma a duniya, mafi yawansu a Amurka, kuma tun lokacin annobar 2020, sa'ad da mutane suka rasa wurin zuwa sai sarari, masu yinsa suka ƙaru ainun.

Me ya sa majalisun gari ke saurin yarda? Araha. Fagen golf na ƙwallo yana bukatar sare itatuwa, da ban ruwa, da masu aske ciyawa kullum. Na faifai kuwa kwanduna ne kawai da 'yan dandamalin tsayawa da alluna, sau da yawa ma ƙungiyar 'yan wasan ce ke tara kuɗin, ta yi aikin gayya ta kafa su. Galibi ba a biyan ko kwabo a shiga. Yaro da dattijo duk suna iyawa, faifai guda ya isa mai koyo. Masu goyon baya suna kuma kafa hujja da cewa kusurwar lambun da aka yi watsi da ita takan zama maɓoyar ɓata-gari, amma in ƙafa ta yawaita a wurin sai su watse. Hujja ce mai ƙarfi, ba mu raina ta ba.

Amma fa attajirai sun san kuɗin saye dabam, kuɗin riƙo dabam. Kowa ya sayi jaki da araha bai gama biya ba, sauran harawa. Abin da wasan nan ke ci fili ne. Kwando guda yakan bukaci wajen eka ɗaya, domin gwani yana iya wurga faifai ya wuce mita 100, faifan nesa kuwa bakinsa kaifi-kaifi ne, robarsa tauri gare ta. Saboda haka ko da ba a yi shinge ba, wurin ya riga ya keɓu. Wace uwa ce za ta shimfiɗa tabarma da 'ya'yanta a kan hanyar faifai? Wane tsoho zai zauna ƙarƙashin itace yana jin ana ihu a kauce? Ba wanda ya kore su da baki, amma sun tashi. Kamar mai rumfa ne ya baza hajarsa har tsakiyar hanyar kasuwa: bai ce kowa kada ya wuce ba, sai dai kowa ya kewaya.

Ga misalin abin da ya faru a birnin Austin na jihar Teksas. Akwai wani lambu can mai suna Pease, wanda tsohon gwamnan jihar, Elisha Pease, da matarsa suka ba mutanen gari filinsa kyauta a 1875, abin da malamai za su ce ya yi kama da waƙafi. Lambun siriri ne, yana bin gaɓar wani rafi da ake kira Shoal. Aka kafa kwanduna a ciki, wurin ya yi suna, 'yan wasa suka yi ta tururuwa shekara da shekaru. Sannu a hankali ƙasa ta dandaƙe saboda yawan taku, har ruwan sama ba ya shiga cikinta sai ya kwarara. Ciyawa ta mutu, saiwoyi suka fito fili, gaɓar rafi ta riƙa zaizayewa, ɓawon itatuwa kuma duk tabon faifai. Daga ƙarshe hukumar lambunan birnin ta rufe fagen a ƙarshen shekarar 2010.

'Yan wasan ba su yi shiru ba. Suka ce an ɗora musu laifin da ba nasu kaɗai ba ne, gama rafin nan ya saba ambaliya, ga fari, ga masu yawo da karnuka, ga kuma wani biki da dubban mutane ke taruwa dominsa a lambun kowace shekara. Lalle akwai gaskiya cikin zancensu. Amma a ganinmu, babban laifin yana wuyan wanda ya ba da izini ba tare da ya yi tanadin gyara ba. An karɓi kwanduna da murna don ba su da tsada, ba a tambayi wa zai farfaɗo da ƙasar ba in ta gaji, ba a kuwa ƙayyade ranar da za a zauna a sake duba al'amarin ba. Da ɓarna ta bayyana, sai ya zama ba magani sai rufewa, alhali kuwa mutane sun riga sun saba, suna ganin wurin nasu ne. Karɓe abu daga hannun wanda ya saba da shi ya fi hana shi tun farko wuya nesa ba kusa ba.

Don haka mu ba mu ce a hana ba. Lambu mai faɗi, mai kusurwar da ba a amfani da ita, nesa da hanyar masu tafiya da wurin wasan yara, ya dace da kwanduna ƙwarai. Sai dai a kira maƙwabta a ji bakinsu kafin a haƙa rami, ba bayan an kafa ba, domin 'yan wasa suna da ƙungiya mai magana da yawunsu, mai shan iska kuwa ba shi da kowa, ba ya ma sanin an yi taro sai ya tarar da turke a inda ya saba zama. A kuma rubuta cikin yarjejeniya cewa gwaji ne na shekara ɗaya ko biyu, a riƙa matsar da kwanduna domin ƙasa ta huta, kamar yadda manomi ke barin gona ta yi saura.

Mutanen Austin sun koma ga wannan hanya daga baya. A 2012 birnin ya buɗe sabon fage a lambun Roy Guerrero, a bakin kogin Kolorado, wuri mai yalwa wanda aka shata domin wasan tun daga farko. Kuɗinsa daga baitulmalin gari ya fito, ban da abin da aka kashe wajen gyaran gaɓar rafi da dashen itatuwa a lambun Pease.