Ƙirya Ba Ta Son Gaggawa



Duk wanda ya taɓa zama wurin masassaƙa ya san ƙirya. Itace ne mai taurin tsiya. Kafin a fafe turmi ɗaya, gizago ya dakushe sau da yawa, sai an yi ta wasa shi. Almajirin da ba shi da haƙuri yakan gudu ga itace mai laushi. Amma turmin ƙirya ne gara ba ta ci, har jikoki su daka a ciki.

Mu ma haka muke yi: labari ya ƙi mu, mu watsar, mu koma wanda muka saba. A makon nan kowa ya ɗauko rubutun da ya gagare shi, ya sake gwadawa.