Ciniki da Shaida: Sayen gida a Malbaza

Albarkacin masana'antar siminti, da zaman Malbaza gunduma a shekarar 2011, ma'aikata da ƴan kasuwa na neman gidaje a bakin titin Ƙonni. Sai dai kuɗin gida ba su ne ƙarshen ɗawainiya ba: akwai la'adar dillali, da kuɗin canjin suna, da lanhon da mai sayarwa ya bari baya. Mai hankali yakan tambaya: ina takardar magajin gari? Gidan gado ne? Dukan magada sun amince? In gona ce aka yanka, dokar karkara ta 1993 ta ɗora shaida a kan hukumar Kofo. Wanda ya biya bai ga takarda ba, shari'a ya saya.