Ina Lauyan Talaka a Littattafanmu?

'Yan'uwa marubuta, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Littattafanmu cike suke da lauyoyi: ga Barista wane da zungureriyar mota, ga Barista wance tana kare masoyinta gaban alƙali. To, ina lauyan ɗan dakon da aka kama a kasuwa bisa zargin sata, wanda uwarsa ta sayar da akuyarta, kuɗin bai kai na ɗaukar lauya ba?

Alhali tun 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar da ke bai wa marasa ƙarfi lauya kyauta, aka sabunta dokarta a 2011, kuma tana da ofisoshi a jihohi. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya muddin akwai kotu tsakanin kilomita 40. Duk da haka, fiye da rabin waɗanda ke tsare a gidajen gyaran hali jiran shari'a kawai suke yi.

Hukumar na fama da ƙarancin lauyoyi, laifin gwamnati ke nan. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Matan aure da 'yan makaranta na karanta mu, ba mu taɓa nuna musu wannan ƙofa ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Saboda haka a littafinka na gaba, malam, kai uwar ɗan dakon nan ofishin hukumar, mai karatu ya bi sawunta.