Takardar inshora da hannun yaron da ya sandare

Bara, lokacin sanyi, wani ɗalibina na ajin CM2 ya yi wata biyu bai zo lakwal ba. Kabu-kabu ne ya ɗauko shi, wata mota ta goge su a kan hanyar Maraɗi, yaron ya faɗi a kan gwiwar hannunsa ta dama. Ranar da ya dawo na miƙa masa alli, sai ya karɓa da hagu. Ƙashi ya haɗe, amma hannun ya sandare a lanƙwashe, ba ya miƙuwa kuma ba ya kaiwa baki. Na tambayi mahaifinsa abin da mai motar ya yi. Ya ce, "Mushe, ya ba mu jika goma, ya roƙi gafara, muka yafe." Na ce motar ba ta da inshora ne? Ya ce, "Ai wannan takardar jandarma ce."

Haka yawancinmu muka ɗauke ta a Madarumfa, takarda ce da direba ke nunawa a shinge don a bar shi ya wuce. Alhali doka ta tilasta ta ne saboda irin yaron nan. Nijar tana cikin ƙasashe 14 da suka haɗa dokar inshorarsu a ƙarƙashin CIMA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, dokar ta fara aiki a 1995. Sashe na 200 ya wajabta wa duk mai abin hawa mai inji, har da babur, ya yi inshorar ɓarnar da zai iya yi wa wani. Sashe na 228 ya ce wanda aka ji wa rauni, in dai ba shi ke tuƙi ba, ana biyansa ko da akwai sakacinsa a ciki, sai fa in da gangan ya jefa kansa. Iyaye su lura da wannan, domin sau nawa ake rufe mana baki da cewa yaro ne ya tsallaka titi bai duba ba. Sashe na 258 kuma ya ce kamfani zai biya kuɗin jinya, ko ya mayar wa mutum abin da ya kashe idan ya kawo takardun shaida, muddin bai wuce ninki biyu na farashin asibitocin gwamnati ba.

Takardun shaida su ne inda muke faɗuwa. Mutumin da ya karye a garinmu wurin maɗori ake fara kai shi. Maɗori na kusa, ya san gidan, yana karɓar abin da ya samu, wani lokacin ma kaza. Zai ja, ya daidaita, ya ɗaure da kara da tsumma, daga baya a bi da gashi da tausa da man shanu. Ba ya rubuta rasit, babu hoton ƙashi, babu takardar likita. Tunda an sasanta a bakin hanya, jandarma ma ba su rubuta rahoton hatsari ba, alhali rahoton ne doka ta ce a aika wa kamfanin cikin wata uku. A idon kamfani babu hatsarin da ya faru. Mai mota ya biya kuɗin inshora na shekara, ya kuma ƙara jika goma daga aljihunsa, yaro ya tashi da naƙasa.

Ba na cikin masu zagin maɗora. Ni kaina an taɓa gyara mini targaɗe ina yaro, na kuma ga karayar da suka ɗora ta warke sumul. Amma na ga inda iliminsu ya tsaya. Ɗaurin da ya matse kan hannun da ke kumbura yana tare jini, kuma likitocin ƙashi a ƙasar Hausa sun sha yanke hannun yara saboda haka. Gwiwar hannu ta fi ko'ina rashin son wasa. Likitoci sun daɗe suna gargaɗin cewa murza ta da ƙarfi bayan karaya na iya sa ƙashi ya tsiro a cikin tsoka, gaɓar ta ƙara ƙagewa. Tausa magani ce idan an san ciwon da lokacinta, kuma hoto ne kawai ke nuna abin da ke ciki.

Wasu ƙasashen sun sami hanyar haɗa biyun. Japan ce ta fi ba ni sha'awa, domin su ma suna da maɗoransu, waɗanda sana'arsu ta samo asali daga kokawar judo. Gwamnati ta karɓe su a hukumance: karatun shekara uku aƙalla, jarrabawar ƙasa, sannan lasisi. Suna duba targaɗe da buguwa da kansu, amma karaya da gocewar ƙashi sai da yardar likita, ban da taimakon gaggawa. Inshorar mota ta dole, wadda dokarta ta fito tun 1955, tana biyan jinyar da aka yi a wurinsu, cikin iyakar yen miliyan 1.2 da aka ware wa rauni. A lardin British Columbia na Kanada kuwa, wanda ya yi hatsarin mota yana da zama 12 wurin mai tausa mai rajista da zama 25 wurin mai gashin ƙashi a cikin mako 12 na farko, kamfanin inshorar lardin ke biya.

Na san abin da ma'aikacin inshora zai ce: in aka buɗe wannan ƙofa, kowa mai kwalbar man zafi zai zama mai tausa, ya rubuta rasit na ƙarya. Yana da gaskiya, ko a Japan ana kuka da masu kumbura lissafi. To, a sa sharaɗi. Hoto da takardar likita su zo da farko. Likita ya rubuta irin gashi da motsa gaɓar da ake buƙata da yawan zama. Asibitin gunduma ya tantance maɗoran da aka sani, ya koya musu alamun da za su sa su kwance ɗauri su tura mutum Maraɗi nan take (yatsu sun yi sanyi, sun canja launi, ko sun daina ji), ya ba su littafin rasit mai lamba. Wanda ya karɓi horon, inshora ta biya aikinsa a farashin da aka tsayar. Masu gashin ƙashi na asibiti suna manyan garuruwa ne, kuma uwar da ke ƙauyen bakin tafki ba za ta iya kai yaro Maraɗi sau uku a mako ba. Ƙwararren ya tsara aikin, na kusa da gida ya bi.

Kafin hukuma ta kai nan, akwai abin da ke hannunmu. A taron iyayen yara na bana na roƙi darakta minti goma. Na ce musu in abin ya faru, Allah ya kiyaye, a ɗauki lambar motar da hoton takardar inshorarta da waya, a kira jandarma, a je asibiti a yi hoto kafin a je wurin kowa, a adana kowace takarda har ta maganin dala ɗari. Wani dattijo ya ce kiran jandarma ga mutumin da bai yi da gangan ba rashin tawakkali ne. Na ce masa, "Baba, a yafe wa direba, wannan alheri ne. Amma kuɗin jinyar yana wurin kamfanin da direban ya riga ya biya, kuma haƙƙin yaron ne, ba namu ba ne balle mu yafe shi."

Doka ta ba da shekara biyar daga ranar hatsari a nemi diyya, saboda haka na koma wurin mahaifin ɗalibina ko za mu gwada. Babu wanda ya riƙe lambar motar, abin da ya tuna kawai fara ce. Yaron yana koyon rubutu da hagu yanzu, na matsar da shi ƙarshen benci don kada gwiwarsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa.