Bolar Unguwarmu, Aikin Wane Ne?

'Yan'uwa, mun san halin da unguwanninmu suke shiga da damina. Ledar ruwa takan toshe kwalbati, ruwa ya shiga ɗakuna, sauro ya yawaita, amai da gudawa su kama yara. Mukan yi gunaguni bayan sujada, sa'an nan kowa ya kama gabansa.

Tsarin Mulkin 1999, a Jadawali na Huɗu, ya ɗora kwashe shara a wuyan ƙaramar hukuma. A 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka zuwan motar shara hakkinmu ne. Muna biyan kuɗin shago da na kasuwa kamar kowa, ƙarancinmu a gari bai rage wannan hakki ba.

Muna roƙon dattawa su haɗa kai da mai unguwa da maƙwabtanmu Musulmi, gama lambatu ɗaya ne ya ratsa ƙofofinmu. A rubuta wa kansila da ciyaman takarda, a nemi wurin zuba shara da ranar kwashewa, a yi ta komawa har a sami amsa.

Mu ma muna da namu laifi. Bayan kowane biki, harabar coci takan cika da leda da robobi. Mu ware robobin mu ba 'yan jari bola, toka da ɓawon kayan miya kuwa su tafi gona su zama taki, kamar yadda manoman kewayen Kano suka daɗe suna yi. Zumuntar mata ta koma cefane da kwando. In mun rage abin da muke zubarwa, maganarmu za ta fi nauyi a sakatariya.