Ba Tsufan Mota Ba Ne, Gas Ɗin Da Ake Sayar Mana Ne

Yayana direban tsohuwar Mercedes 911 ne mai bodin katako. Makon jiya ya sha gas a wani gidan mai a nan Maiduguri, ya kai kaya Damaturu, ya juyo. Ya wuce Benisheikh, ya wuce Mainok, kafin ya kai Jakana mota ta fara shaƙewa. Ya taka totur, ta amsa da kyar, salansa ta tofar da farin hayaƙi, inji ya mutu. La'asar ta yi sakaliya.

Duk wanda ya san hanyar nan ya san abin da wannan ke nufi. Ba mu manta da daren 9 ga Fabrairun 2020 ba, lokacin da aka kashe matafiya aƙalla 30 a Auno, waɗanda suka iso bayan an rufe shingen shiga gari. A hanyar Damaturu, mota in ta mutu da yamma, ran direba da na yaronsa ne a hannun Allah.

Allah Ya kiyaye. Yayana ya kwance kofin filta, ya juye abin da ke ciki a gorar roba, yaron mota ya yi ta buga famfon hannu har kumfa ta daina fitowa daga layin mai, mota ta tashi. Da ya iso gida sai ya dire gorar a gabana. Na ce, "Yaya, mene ne wannan?" Ya ce, "Ƙanena, abin da na saya da kuɗina ke nan." Gas a sama, ruwa ya kwanta a ƙasa kaurin yatsu biyu, ga baƙar laka a gindi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar mutane: "Ai motar ta tsufa." Ƙarya ne! Injin gas na da bai da wata rigima. Iska mai tsabta yake so da mai mai tsabta. In ya mutu ana cikin tafiya, mafi yawan lokaci ɗayan huɗu ne: filta ta toshe, iska ta shiga ta tiyon da ya tsage, datti ya rufe bakin bututun da ke zuƙo mai daga tanki, ko ruwa ya gauraya da man. Ruwa ya fi gas nauyi, ƙasan tanki yake kwanciya, daidai inda bututun ke sha. In ya wuce filta, sai ya bi famfon injekta da nozul da tsatsa, ya cinye ribar wata guda.

To wa ya zuba ruwan? Mai gidan man da tankinsa na ƙasa ke yoyo bai damu ba. Ɗan bumburutun da ke kwashe guntun gindin duro ya cika jarka. Dillalin da ke cakuɗa mai nagari da wanda aka dafa a ɓoye a dazukan Neja Delta. Tun 2022 da litar gas ta haura naira 700, farashi bai sake komawa inda yake ba. A tatse talaka, sannan a sayar masa da laka? Wannan ha'inci ne, kuma mai yin sa ya shirya amsar da zai bayar gobe kiyama.

Ina kuma hukuma? Dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa hukumar NMDPRA ba da lasisi da tabbatar da ingancin mai. Gwajin ruwa bai da wahala: wani man shafawa ake lakata wa sandar awo a zura a tanki, in ya taɓa ruwa sai ya canza launi. Garin Maiduguri da ambaliyar madatsar Alau ta shanye a ranar 10 ga Satumban 2024 ya cancanci a bi tankunan ƙasansa ɗaya bayan ɗaya, a liƙa sakamakon a jikin famfo kowa ya gani. Wanda aka kama, a rufe gidan mansa, a faɗi sunansa a rediyo.

Kanikawa, ku ma ku ji tsoron Allah. Direba ya kawo mota tana mutuwa, kafin a duba filta har an ciro famfon injekta an yanka masa kuɗi. A fara da mai arha: a tsiyayi man a gora a gani, a canza filta, a bi tiyo, a duba hujin murfin tanki, a fitar da iska.

Ƙungiyoyin direbobi na Tashar Kano da Muna da Tashar Baga, kun fi kowa sanin inda ake sayar da gurɓataccen gas. Ku haɗa kai ku ƙaurace masa, ku kai ƙara a rubuce da gorar shaida a hannu. Ta yayana tana nan a ajiye, ban zubar ba. Ranar da kuka tashi tafiya, ni zan ɗauko ta.