Kifin Ado: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Wani yayi ya shigo birnin Katsina a 'yan shekarun nan, watau ajiye kifin ado a cikin akwatin gilashi, a ƙawata shi da tsakuwa da fitila, a girke shi a ɗakin baƙi. Ba mu ga laifin wannan ba, domin kallon halittar Ubangiji tana kai da kawowa a cikin ruwa abu ne mai kwantar da rai, yara kuma suna ƙaruwa da shi. Amma duk wanda ya taɓa ajiye irin wannan akwati ya san abin da ke biyo baya. Kafin a yi mako uku sai gilashin ya fara yin kore, gansakuka ta rufe tsakuwar, maigida ya rasa inda kifinsa yake. Daga nan sai ya garzaya wurin mai sayarwa, shi kuwa ya miƙo masa wani ɗan kifi baƙi mai ɗigo-ɗigo, mai baki a ƙasan kai kamar na matsattsaku, ya ce masa ga mai shara nan, ya ɗauka ya huta.

A kan wannan mai shara muke so mu ja kunnen jama'a. Sunansa a wurin masu sana'ar Pleco, asalinsa kuma kogunan Amurka ta Kudu ne. Ana sayar da shi yana kamar ɗan yatsa, amma irin da ya fi yawa a kasuwa yakan girma har ya kai sentimita 40 ko fiye, watau kusan kamu guda. Akwatin da yawancin mutane ke iya saye bai wuce lita 40 zuwa 60 ba, alhali babban Pleco yana bukatar ɗaruruwan lita. Bugu da ƙari, gwargwadon girmansa gwargwadon kashin da yake zubarwa, kashin kifi kuwa shi ne takin gansakuka. Ka ga ke nan wanda aka ɗauko domin shara ya koma shi ne mai ɓata gida. Wani maƙwabcina ya yi wannan saye, bayan shekara guda na tarar kifin ko juyawa ba ya iya yi sai ya lanƙwasa, gilashin kuwa kore shar kamar da.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, gansakuka ba ta fitowa haka kawai. Haske take so da abinci. Hasken rana kuwa, a nan Katsina ba mu da ƙarancinsa, saboda haka wanda ya ajiye akwatinsa kusa da taga ya riga ya yi wa gansakuka shimfiɗa. Haka nan wanda ya bar fitilar akwati tana ci dare da rana, alhali awa 6 zuwa 8 ta wadatar. Sai kuma yawan ciyarwa, wanda galibi aikin yara ne, kowa ya zo wucewa ya barbaɗa. Abin da kifi bai cinye ba cikin minti biyu ko uku ruɓewa zai yi a ƙasa. Wanda ya janye akwati daga rana, ya rage abinci, yana kuma canza rubu'in ruwan kowane mako, yana goge gilashin da soso mai tsabta wanda bai taɓa sabulu ba, ya gama kashi uku cikin huɗu na aikin kafin ya sayi ko da kifi ɗaya. A lura kuma, idan ruwan ne da kansa ya rikiɗe ya zama kore, ko kuwa wata irin shimfiɗa mai yauƙi da wari ta bayyana, babu mai sharar da zai taɓa su. Wannan aikin hannu ne.

To, idan an yi duk wannan, kuma har yanzu ana son kifin da zai taimaka, sai a yi zaɓe da la'akari da garin da muke ciki, kada a bi abin da aka rubuta domin mutanen Ingila. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a Katsina, da hunturu kuma dare ya yi sanyi ƙwarai, ƙaramin akwati kuwa yana bin yanayin ɗaki sau da ƙafa. Ga kuma ɗaukewar wuta, wadda ke tsayar da injin hura iska, alhali ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Wannan ya sa ɗan mitsitsin kifin nan Otocinclus, wanda bai wuce sentimita 5 ba, wanda kuma littattafai ke yabo, ba na ba kowa shawarar ya saye shi a nan sai mai wutar sola da ɗaki mai sanyi. Ba shi da jimiri, kuma ba ya zama shi kaɗai sai cikin 'yan'uwansa. Dare ɗaya na zafi ba wuta ya isa a wayi gari an yi hasara.

Akwai kuma wanda ake kira mai cin gansakuka na ƙasar Sin, ko da yake ainihin mazauninsa kogunan Tailan da maƙwabtanta ne. Yana ƙarami yana aiki, amma in ya girma sai ya bar gansakuka ya zama mafaɗaci, har ya riƙa manne wa sauran kifaye yana tsotse musu yauƙin jiki. A bar shi a shago. Wanda suke kama da shi, na Siyam, ya fi shi hali nesa ba kusa ba, kuma yana cin gansakuka mai kama da gashi wadda sauran ke ƙi, sai dai yakan kai sentimita 15 kuma yana son filin iyo.

A ganina, biyu ne suka dace da mai matsakaicin hali. Na farko Ancistrus, ɗan'uwan Pleco ne, ana gane namijinsa da wasu tsiro kamar gemu a kan hancinsa, kuma girmansa ba ya wuce sentimita 12 zuwa 15. Guda ɗaya ya isa akwati mai lita 80 ko 100, a sa masa guntun icce da wurin ɓuya, a riƙa jefa masa yankin kokwamba, domin gansakuka kaɗai ba ta ƙosar da shi. Na biyu kuwa Moli, wanda ba a ma cika lissafa shi cikin masu shara ba, amma yini yake yana tsattsagar gansakuka, yana jure ɗumi, yana kuma son ruwa mai ɗan gishiri-gishiri irin na wasu rijiyoyin burtsatse. Aibinsa ɗaya, yawan haihuwa.

Wani zai ce, me ya sa ba za a ɗebo katantanwa daga kududdufi ba, tun da ita ma tana lasar gansakuka kuma kyauta ce? Kul, kada a fara. Wasu daga cikin ƙananan katantanwar kududdufai da madatsun ruwanmu su ne ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, mai sa yara fitsarin jini, kuma ta fata take shiga. Karfasa ma tana cin gansakuka, amma ita tona ƙasa take yi, ta tuge shuke-shuke, ta kori kowa. Wurinta tukunya.

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu hasarar mutum ɗaya ce a ɗakinsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da Pleco ya fi ƙarfin akwati. Maigida ba ya son kashe shi, tausayi ya kama shi, sai ya ba yaro a bokiti ya ce a kai shi kududdufi, ko kuwa a sake shi a madatsar ruwa ta Ajiwa in an je yawon shan iska. Wannan kifi yana da sulke a jiki da ƙayoyi, saboda haka ba kowane kifi ko tsuntsu ke iya haɗiye shi ba. Yana haɗiyar iska daga sama, ya rayu a ruwan da wasu za su mutu. Yana haƙa ramuka a gaɓa domin ƙwansa, gaɓar ta riƙa zaizayewa, yana kuma yayyaga taru. A madatsar ruwa ta Infiernillo a ƙasar Meksiko, inda dubban masunta ke cin abinci da karfasa, ya bayyana a shekarun 1990, daga baya ya zama shi ya fi yawa a cikin abin da taru ke jawowa, har mutanen wurin suka raɗa masa suna kifin shaiɗan. Ya cika kogin Marikina da tafkin Laguna a ƙasar Filifin. A Bangaladesh kuwa sai da gwamnati ta haramta shigo da shi da kiwonsa da sayar da shi a shekarar 2023. A yawancin wuraren nan daga akwatin ado ya fito, kuma ruwansu mai ɗumi ne kamar namu.

Mu ma a Nijeriya mun ɗanɗana irin wannan. Baƙuwar kainuwar nan mai shuɗin fure, wadda ta toshe ruwan Legas tun daga 1984, ita ma 'yar Amurka ta Kudu ce, kuma da sunan ado ta bazu a duniya. Jiharmu ba ta da manyan koguna masu gudu duk shekara. Ajiwa da Zobe da Jibiya su ne abin dogaro, nan ake shan ruwa, nan ake noman rani, nan masunta ke kamun karfasa da tarwaɗa da kurungu. Idan baƙon kifi ya hayayyafa a ɗayansu, babu wata dabarar tsame shi.

Saboda haka muna kira ga sashen kula da kiwon kifi na jiha da ya san su wane ne ke sayar da kifin ado a gari, ya kuma wajabta musu gaya wa mai saye iyakar girman kowane kifi, da karɓar wanda ya fi ƙarfin akwati idan an komo da shi. Malaman sashen nazarin kifi na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suna iya nuna wa masunta hotonsa, domin ranar da ya faɗa a tarun wani a ji labari da wuri. Shi kuma maigida, in mai sayarwa ya ƙi karɓa, ya nemi mai babban akwati ya ba shi kyauta. In ba a samu ba, ya kashe shi nan take ba tare da azabtarwa ba, ya binne shi a gindin bishiya.